Babur ɗin Tanimu da Ragon Suna

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar shagona na ɗinki, nan unguwarmu a Tawa, ya san labarin babur ɗin Tanimu, ko yana so ko ba ya so. Ni da nake maƙwabcinsa, ƙofa na kallon ƙofa, na ji labarin har nakan gyara masa in ya yi tuntuɓe. Wai a shekarun da yake ci-rani a Abija ya sayi babur ɗin, ya hau shi tun daga bakin teku har ƙofar gidan ubansa cikin kwana huɗu. Wata rana kwana uku ne. Ranar da shayi ya yi ƙarfi kuwa, kwana biyu ne da yini, kuma a hanya har ya tsere wa jirgin ƙasa.

Abu ɗaya ba zan hana shi ba: mutumin yana son hawa. In babur ya gifta, ko a tsakiyar gaisuwar mutuwa yake, sai ya yanke magana ya karkata kunne, sannan ya faɗi ciwon da ke damun injin. Bai taɓa dacewa ba ko sau ɗaya, amma bai taɓa fasawa ba. Nasa babur ɗin kuwa shekara goma sha tara yana jingine a bayan madafa. Kaji sun mai da shi gidan haya, akuyar matarsa Hajaratu kuma a jikinsa ake ɗaure ta. Kullum Tanimu cewa yake yi hutawa yake, mako mai zuwa zai tashe shi.

Akwai kuma abin da ba ya faɗa a rumfa. Allah ya ba shi 'ya'ya biyar, dukansu mata, jikoki ma mata suka yi ta zuwa. Sunansa na yanka Abdulrahim, kuma har ya haura sittin ba a sami yaro ko ɗaya da aka sa wa sunan ba. Wannan abu yana cin ransa ƙwarai, na sani, domin duk sunan da muka je tare shiru yake dawowa, shi da ba ya shiru ko a layin likita.

Sai ga babbar 'yarsa Raƙiya ta haifi namiji a gidan mijinta, wani ƙauye gaba da Kalfu. Washegari, ranar Litinin, surukinta Alhaji Garba ya iso da goro. Shi da Tanimu tare suka yi ci-rani, ɗaki ɗaya suka kwana shekara shida, kuma tun daga lokacin ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba. Ya tarar da mu a rumfa.

"Suna ran Lahadi da sahe," in ji Alhaji Garba. "Uban yaro ya ce in zaɓa, na ko zaɓa. Abubakar."

"Wane Abubakar?" in ji Tanimu.

"Ni mana. Ko akwai wani?"

"Takwara ukku gare ka, Alhaji. Ni ko guda. Ba ka jin kunya?"

"Ina jin ta, amma ragona na nan ɗaure tun bara. Kai mi kak kawo, ban da baki?"

Tanimu ya miƙe tsaye har ya ture mini kwandon zare. "Ni ka kawo rago! Da kaina, bisa motona, har gaban liman!"

"Wane moto? Wanda kaji ka ƙwai ciki?"

Alhaji Garba ya yi dariya har goro ya shaƙe shi, sai da na bubbuga masa baya. Da ya farfaɗo ya share hawaye ya ce, "To, na yarda. In kak kawo rago bisa moton ga, kas sauke shi gaban liman kahin a shahwa fatiha, Abdulrahim za a sa. In ba haka ba, a yanka nawa. Tela, kai na shaida."

Ni dai ɗinkina nake yi, aka mai da ni alƙali.

Tun kafin ƙurar motar Alhaji ta kwanta Tanimu ya kwance akuya ya jawo babur waje. Yana da fili a cikin gida, amma ai aikin da ba a gani ba aiki ba ne, don haka a bakin titi ya shimfiɗa tabarma. Da ya ɗaga sirdin, ƙwai biyu suka gangaro, sai kuma wata rina da ta daɗe da mallakar wurin ta fito ta gaishe shi a leɓe. Da leɓen nan a kumbure ya yi wa jama'a bayanin yadda zai gama komai kafin Laraba.

Muktari makanike, wanda garejinsa ke kwanar titinmu, ya zo ya durƙusa cikin ladabi.

"Baba, ka bari in tura shi garaji. Kwana ukku in tashe ma shi, ba ni son komi."

"Kai yaushe anka haihe ka?" in ji Tanimu. "Ran da nika kwance inji ga Abija, ubanka bai san kalar buji ba."

"Gaskiya ta, Baba. Amma ni na sani."

"Bon, shi ke nan. Tahi ka gyara 'yan robobin nan naku na zamani. Wanga ƙarhe na, sai manya."

Ya kwance babur kaf. Duk abin da ya cire sai ya jefa a kwano, kwanukan kuwa na Hajaratu ne, waɗanda take tace man gyaɗar da take sayarwa. Ranar Talata ta fito ta tsaya a kansa da hannu a ƙugu.

"Malam, ina kwanona mai hure?"

"Shina aiki."

"Babban hwa?"

"Shi ma."

"To in sa mai cikin hulakka?"

"Ke, jikanki za a sa ma suna na, kina maganar kwano?"

"Jikana ya samu suna ko da ƙahwa kat tahi. Kwanona nika so."

Laraba ta zo ta wuce babur yana baje kamar kayan koli. Ranar Alhamis da la'asar ya gama haɗawa, ya ja da baya yana kaɗa hannu, ya ce, "Wala!", wato aiki ya kammala. Muka leƙa, muka ga kwano guda cike da kusoshi da ƙananan ƙarafa da ba su sami wurin komawa ba. Na tambaye shi waɗannan fa. Ya ce ai halin Turawa ne, suna cusa tarkace don kaya su yi nauyi a ce masu kyau ne.

Muktari, wanda ya kasa zama a garejinsa duk makon nan, ya tsinci wani siririn ƙarfe mai lanƙwasa a cikin kwanon.

"Baba, wanga shi ka maido hannun wuta baya in kas saki. In babu shi, wuta ba ta raguwa."

"Na sa roba."

"Wace roba?"

"Ta tsohon tayan keke. Ta hi shi laushi."

"Wayar kuloci hwa? Na ga ta ci tsatsa."

"Na canza."

Ya canza kuwa. A daidai lokacin muka ji Hajaratu daga cikin gida tana tambayar wanda ya kwance mata wayar shanya ya zubar da zannuwanta a ƙasa. Makulli kuma ya ɓace tun zamanin da ba wanda ya tuna, sai Tanimu ya murɗe wayoyi biyu wuri guda ya ce makulli na masu tsoron ɓarayi ne.

Irin wannan tsohon inji ba ya shan fetur zalla, sai an gauraya masa da mai. Tanimu ya je wurin mai sayar da man inji, ya shinshina kwalba, ya ce ruwa ne aka rina. Ya dawo gida ya ɗebi man gyaɗar Hajaratu, sabon matsa, ya zuba a tanki ya girgiza. Ya ce abin da ya riƙe cikin Ba'adare irinmu shekara da shekaru ba zai kasa riƙe inji ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya tara mu, dattawa biyar da manyan riguna, wai mu ɗan taɓa masa. Muka tura har ƙarshen titi, shiru. Muka juyo muka tura har gidan mai unguwa, shiru. A zagaye na uku numfashina ya fara fita da kiɗa, shi kuwa yana bisa yana faɗa mana cewa mutanen Abija sun fi mu ƙarfin turi. Muktari ya matso ya sunkuya, ya murɗa wani ɗan famfo a ƙarƙashin tanki, ya koma gefe. Ashe duk wahalar nan fetur a rufe yake.

"Da gangan nib bar shi," in ji Tanimu. "Inji na son ya sha iska tukun."

Turi ɗaya muka ƙara sai ga wata ƙara kamar an harba bindigar toka. Akuya ta tsinke igiya, ni na zauna a ƙasa ban shirya ba. Hayaƙi ya cika titi, fari fat, kuma da ƙamshi. Ba a yi minti biyar ba matan unguwa suka fara leƙowa da kwanoni suna tambayar wace ce ta fara suyar ƙosai da rana tsaka.

Amma fa babur ya tashi. Tanimu ya tafi da shi har bakin kwalta ya juyo, rigarsa ta cika da iska, hula ta koma ƙeya. Fuskar da na gani a ranar ban taɓa ganinta a jikinsa ba, ta yaro ce ɗan ashirin wanda bai san ciwon gwiwa ba. Na daɗe ina yi masa dariya, amma a wannan lokacin sai da na tafa masa.

Sai ya taka birki. Kukan da birkin nan ya yi, jakin mai ruwa da ke tsaye a gefe sai da ya amsa. Titi ya ɗauki dariya. Tanimu ya sauko fuska a murtuke, domin shi a duniya ba abin da ya ƙi kamar a yi dariya ba shi ya ba da labarin ba.

Ranar Asabar da hantsi na hango shi tsugune da kwalbar man gyaɗa, yana tsiyayawa a birkin gaba, ya koma na baya. Muktari ya taho da gudu har takalminsa ɗaya ya fita.

"Baba! Don girman Allah! Birki ba shi son mai!"

"Ƙarhen da ka kuka ƙishirwa shika ji. Saurara." Ya matsa birki. Shiru. "Ka ji wani abu?"

"Ban ji ba, Baba. Shi na abin tsoron."

"Haka ƙwararru ka aiki. Ba a jin su."

Muktari ya dube ni, na dubi keken ɗinkina. Ni shaida aka ce in yi, ba ceto ba.

Ranar Lahadi gari na wayewa Tanimu ya fito cikin farar babbar riga da na kwana uku ina yi wa aiki, da baƙin tabarau, da wata tsohuwar hular kwano a bisa hularsa ta saƙa. Ragon da ya saya fari ne ƙato, mai ƙaho biyu a murɗe. Kowa ya san a baya ake ɗaure rago. Tanimu ya ce a'a, a gaba za a gicciye shi bisa tanki, don mutanen ƙauye su fara ganin rago kafin su gan shi. Ya cika tanki har baki. Muka tura, bindiga ta tashi, ya tafi. Ni da Hajaratu da wasu mata muka bi shi a motar haya. Muktari ma ya shigo da jakar kayan aikinsa, ba wanda ya gayyace shi, ba wanda kuma ya hana shi.

Har muka fita gari lafiya lau, muna bin ƙamshin ƙosai. Can wajen gonaki sai muka ga wani baƙin abu ya yi tsalle daga hannun babur ya faɗi gefen hanya. Muktari ya ce, "Roba ta tahi." Kukan inji ya ƙaru. Muka ga Tanimu ya damƙi kuloci, sai ga wayar shanya ta fito tana reto. Muktari ya ce, "Ita ma ta tahi." Ya rufe ido ya fara salati.

Direba ya taka har muka jera da shi. Hajaratu ta fito da kai ta taga.

"Malam, rage wuta!"

"Haka nika tahiya Abija!"

"Rage nic ce!"

"Ku dai ku biyo ni in kuna iyawa!"

Bakinsa ke nan. Amma tabarau ya zame zuwa kan hanci, kuma idanun da na gani a bayansa ba na mai nishaɗi ba ne. Ragon ma ya daina kuka, ya zuba wa Allah ido.

Yadda ya sha kwanar ƙauyen ban sani ba, Allah dai ya tsare. Ƙofar gidan Alhaji Garba fili ne babba, ga masallaci a gefe, ga rumbuna a bayansa, hanya kuma ta zagaye masallacin da rumbunan ta dawo filin. Maza sun cika tabarmi, liman yana tsakiya, ragon Alhaji yana ɗaure a gindin gawo. Kuma a faɗi gaskiya, Tanimu ya iso da wuri, ko goro ba a fara rabawa ba. Jama'a suka miƙe, maroƙi ya buɗe murya yana kirarin mai zuwa da alkawari. Alhaji Garba ya saki baki, na ga hularsa ma kamar ta yi sanyi.

"Salamu alaikum!" in ji Tanimu, ya wuce.

Jama'a suka amsa wa bayansa. Ya ɓace a bayan masallaci, ƙarar ta yi nisa, ta sake matsowa, sai ga shi ya ɓullo ta wajen rumbuna.

"Sauka mana!" in ji Alhaji Garba.

"Ina nuna ma mutane moto!"

Ya wuce. Maroƙi ya ci gaba da kirari, amma murya ta fara raguwa. A zagaye na uku Tanimu bai dubi kowa ba sai ni.

"Tela! Yaron nan Muktari ya zaka?"

Muktari ya riga ya tuɓe takalmi. Da babur ya dawo ya bi shi a guje, gefe da gefe.

"Taka birki, Baba!"

"Na taka!"

"Na gaba!"

"Na matsa! Ba shi cewa komi!"

"Ruhe isansi! Famfon nan na ƙasan tanki!"

"Shina ƙarƙashin rago!"

"To hizge wayar buji, inji ya mutu!"

Tanimu ya saki hannu ɗaya ya lalubo ƙasa, rago ya kai masa ƙaho a haƙarƙari, babur ya yi wata rawa da ta watsa tabarmar farko. Tsofaffi suka tattara takalmansu suka koma jikin bango. Mata suka cika katanga da kawuna.

Daga nan sai shari'a ta koma kashi-kashi, kowane zagaye magana ɗaya.

"Malam liman! Ga rago na kawo!"

"Na gan shi, Malam Tanimu. Ya wuce."

Zagaye na gaba: "A yi suna hakanan! Ai ya iso!"

"Ban taɓa yanka rago shina gudu ba," in ji liman.

Na gaba: "Alhaji, ka ji tsoron Allah!"

"Sauke nic ce! Tela, mi nic ce?"

Duk ido ya dawo kaina. Na so in yi ƙarya, wallahi na so, amma gaban liman nake. Na ce sauke aka ce.

Liman mutum ne mai haƙuri, sai dai yana da wani sunan a ƙauyen gaba, kuma rana ta fara zafi. Ya ce zai ba shi zagaye goma daga yanzu, in bai sauka ba za a shafa fatiha. Nan take filin ya zama wurin kokawa, kowa yana ƙirgawa da ƙarfi. Wasu samari suka kawo igiyar rijiya za su gicciya a hanya, Hajaratu ta fito ta tsaya a gabansu ta ce duk wanda ya karya mata tsoho shi zai yi jinya. Aka jawo damin kara aka tare hanya, Tanimu ya kauce masa da wata gwaninta da ni kaina ban san yana da ita ba.

A zagaye na shida Muktari ya hango mafita. A gefen filin, daidai inda liman yake zaune, akwai tulin rairayi da aka zuba don gini, mai laushi.

"Baba! Kwantar da shi cikin rairayi! In kah hwaɗi, rago ya sauka, ka ci!"

Kowa ya juya ga Alhaji Garba. Tsohon ya dubi abokinsa na shekara arba'in yana tahowa, riga ta naɗe a wuya.

"Na yarda!" ya ɗaga murya. "Ko hwaɗuwa ta, na yarda! Hwaɗi, Tanimu, ka ɗauki sunan!"

A zagaye na bakwai Tanimu ya dubi rairayin ya wuce. A na takwas ya matsa kusa. Raƙiya ta leƙo ta katanga, mai jego da ita, tana kiran, "Baba, hwaɗi! Don Allah hwaɗi!" Gari duka ya ɗauka, maza da mata, har maroƙi: hwaɗi, hwaɗi. Ban taɓa ganin taron da ya roƙi dattijo ya sha ƙasa da irin wannan ƙauna ba.

A na tara ya nufi tulin sosai. Muka ga ya karkata, kafaɗa ta yi ƙasa, gefen rigarsa ya shafi rairayi. Saura ƙiris. Sai ya dubi jama'a, ya dubi tankin babur ɗinsa, ya miƙe zaune.

"Shekara arba'in ban taɓa hwaɗuwa bisa moto ba!" in ji shi, ya wuce.

"Goma!" in ji jama'a, ba da murna ba.

Liman ya ɗaga hannu. Aka kwantar da ragon Alhaji Garba a gindin gawo. Aka shafa fatiha, maroƙi ya cika ƙirji ya sanar da cewa yaro ya ci sunan Abubakar, kuma a daidai lokacin Tanimu ya ɓullo ta wajen rumbuna, sunan ya same shi a fuska. Ya wuce, ya dawo, ya sake wucewa, baki a rufe. Na ji tausayinsa har raina ya ɓaci, na kuma ji haushinsa daidai da haka, domin ba Alhaji ne ya ƙwace masa sunan ba.

Ragon ne ya kawo ƙarshen abin. Ya gaji da yawon da ba a tambaye shi ba, ya yi harbi da ƙafar baya, ya fizge robar fetur. Inji ya yi tari sau biyu ya mutu. Babur ya gangaro a hankali, cikin natsuwa, ya zo ya tsaya daidai bakin tabarmar liman, ko gezarta bai taka ba. Tanimu ya sauke ƙafa zai dafa ƙasa, ashe ƙafar ta daɗe da mutuwa. A tsaye cik, ba gudu ba komai, ya tafi gefe guda, babur ya bi shi, rago ya bi babur.

"Ya sauke," in ji liman, yana neman takalminsa.

Muka ɗaga shi muka zaunar a inuwa. Muktari ya kwance rago, wanda ya yi taku uku ya zauna shi ma. Aka kawo wa Tanimu fura ya ƙi sha. Can ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, wai man gyaɗar bana ne ba shi da kyau. Ba wanda ya tanka masa, har Hajaratu.

Da hantsi ya yi aka fito da jaririn, Hajaratu ta sa masa shi a hannu. A nan ne wata magana ta taso. Yaro dai ya ci sunan kakansa na wajen uba, kuma a wurinmu ɗa ba ya kiran sunan ubansa, suruka ba ta kiran sunan surukinta. Ke nan ba uwar ba uban, ba wanda zai iya buɗe baki ya ce Abubakar ko Garba a gidan nan. Dole a nemi sunan da za a riƙa kiransa da shi, kuma wannan aikin mata ne, ba a tambayar liman. Ashe tun babur yana zagaye na goma sha biyu suka gama shawara a bayan katanga.

"Mi za a dinga ce mishi?" in ji Tanimu, murya ƙasa-ƙasa, yana kallon ɗan fuskar.

"Birki," in ji Hajaratu.

"Mi?"

"Birki. Gidan ga dai ya samu guda."

Alhaji Garba ya yi tsalle ya ce bai yarda ba, ragonsa aka yanka, sunansa aka sa. Tsofaffin matan gidan suka ce ya je ya kai ƙara. Har muka shiga mota yana faɗa, babur kuma aka ɗaure shi a bisa rufin motar, Muktari na riƙe da igiya ta taga.

Yau shekara huɗu ke nan. In ka je ƙauyen ka tambayi Abubakar ɗan Raƙiya, za a yi ta kallon juna. Ka ce Birki, ko makaho zai nuna maka gidan, kuma kafin ka kai ƙofa an ba ka labarin tun daga zagaye na farko. Alhaji Garba har gobe yana cewa ya yi asarar rago.

Watan jiya Raƙiya ta zo ganin gida da yaron. Tanimu yana rumfata, ya tara mutane, ya kai daidai inda jirgin ƙasa ya fara ja da baya, sai yaron ya hau cinyarsa ya kama masa gemu.

"Kaka, mi yas sa aka ce min Birki?"

Na tsai da keken ɗinki. Tanimu ya dubi titi. Sannan ya sauke yaron a hankali ya gyara masa riga.

"Tahi ka tambayi kakarka," in ji shi.